Ilimi a Ciki, Baki a Ɗaure: Me Ke Hana Ƙwararrunmu Isar da Saƙo a Gaban Taro?

Duk wanda ya saba halartar taron bita a otal-otal na Kano ko Kaduna ko Abuja ya san yadda ranar take tafiya. An rubuta ƙarfe tara a takardar gayyata, amma sai wajen sha ɗaya da rabi babban baƙo zai iso. A buɗe da addu'a, a yi taken ƙasa, a gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, a saurari jawabin maraba da saƙonnin fatan alheri. Kafin a zo kan mutumin da aka tara jama'a dominsa, azahar ta kawo jiki, ƙanshin abinci ya fara shigowa daga baranda. Sai mai gabatar da taro ya matso kusa da shi ya raɗa masa: "Yallaɓai, a taimaka a taƙaita, minti goma ya rage mana." Shi kuwa shafi arba'in da wani abu ya shiryo a kwamfuta.

Abin da ke biyo baya kowa ya sha gani. Zai ci minti uku yana jero muƙaman da aka riga aka jero sau biyu. Daga nan ya ba jama'a baya, ya fuskanci allon majigi, ya shiga karanta rubutun da kowa ke gani da idonsa, da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Waɗanda ke baya ba sa iya karanta alƙaluman saboda ƙanƙanta, na gaba sun koma kan wayoyinsu. In aka yi rashin sa'a aka ɗauke wuta, sai ya tsaya cak har a tayar da janareta, domin jawabin nasa a cikin kwamfuta yake. A tafa masa, a raba abinci, a watse. Tare ɗaya daga cikin mahalarta a bakin ƙofa ka tambaye shi me aka ce, zai amsa maka: "Kai, Dakta ya yi ƙoƙari sosai." Ba zai iya ƙara komai a kai ba.

Abin da ke damuna shi ne, wannan mutumin ba jahili ba ne. Wataƙila ya yi shekara goma sha biyar yana bincike a kan zazzaɓin cizon sauro, ko zaizayar ƙasa, ko yadda haraji ke zurarewa. Yana ɗauke da abin da zai iya ceton rai ko dukiya, amma abin ya mutu tsakanin bakinsa da kunnen jama'a. Haka ake asara kullum a wuraren da ba kyamara: daraktan da ya je kare kasafin ma'aikatarsa a gaban kwamitin majalisa ya kasa bayyana dalilin neman kuɗin, aka zaftare; ɗalibar da ta yi shekara uku a kan kundin digirinta ta daburce ranar karewa; matashin da ke da sana'a mai kyau ya kasa gamsar da mai zuba jari cikin minti biyar; injiniyan da ya hango tsaga a jikin madatsar ruwa amma ya yi bayanin ta yadda shugabansa bai gane akwai gaggawa ba.

Gidan masu magana

Abin mamaki, wannan yana faruwa a cikin al'ummar da ta ɗauki magana da daraja. Abubakar Imam bai laluba da nisa ba da ya sa wa littafinsa suna Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930. Abin da mutane suka riga suka yarda da shi ne. A zaurukan malamai an daɗe ana karanta balaga da rassanta uku, ma'ani da bayani da badi'i, kuma ginshiƙin fannin kaf shi ne magana ta dace da halin wanda ake yi wa ita. Ɗalibin da ya karanta Uƙudul Juman na Suyuɗi a Kano ko Sakkwato ko Damagaram ya riga ya sami abin da masu koyar da jawabi ke sayarwa yau da tsada.

A siyasa ma muna da waɗanda har yau ake misali da su. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka laƙaba wa mai muryar zinariya, ya tashi a Majalisar Dokokin Arewa a 1950 ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul, a gaban waɗanda maganar ta shafa kai tsaye. A Oktoban 1960 ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya lokacin da Najeriya ta zama mamba ta 99, a Yulin 1961 kuma ya yi wa Majalisar Wakilan Amurka jawabi. Faya-fayan suna nan a intanet, kowa na iya saurara. Abin da za ka fara lura da shi shi ne rashin gaggawa. Yana ba kowace kalma haƙƙinta, yana tsayawa inda ya kamata, ba ya jin tsoron shiru. Malam Aminu Kano kuwa a dandalin kasuwa da ƙauye ya yi suna, yana warware wa talaka maganar haraji da jangali da zaluncin hakimai da Hausar da ba ta buƙatar tafinta. Ɗan Masanin Kano, Yusuf Maitama Sule, wanda ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1979 ya kuma rasu a 2017, yana iya riƙe ɗakin taro da Turanci ko da Hausa ba takarda a hannunsa.

In ana labarinsu sai a ce baiwa ce, a rufe magana. Ban musa akwai baiwa ba, amma akwai abin da ake tsallakewa. Dukansu uku malaman makaranta ne kafin su shiga siyasa. Ɓalewa da Aminu Kano sun koyar a Midil ta Bauchi, Maitama Sule ya koyar a Kano. Wanda ya yi shekaru yana tsayawa gaban yara kullum, yana kallon idonsu yana gane wanda ya fahimta da wanda ya ɓace, yana sake bayani ta wata hanya in ta farko ba ta shiga ba, ya sha horon da ba kwas ɗin da zai ba shi. Bayan haka, a Bauchi ta shekarun 1940 akwai zauren tattaunawa inda matasa 'yan boko irin su Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Ɓalewa ke haɗuwa suna muhawara a kan al'amuran mulki, har abin ya fara damun hukuma. A nan aka wasa harsunan da daga baya duniya ta ji. Kiran abin baiwa kawai yana ba mu uzurin ƙin yin aikin da su suka yi.

To me ya same mu? Ina ganin abu uku ne suka haɗu, ko da yake ba nauyinsu ɗaya ba. Tarbiyyarmu tana koya wa yaro sunkuyar da kai da rage murya a gaban babba, wanda kyakkyawan abu ne a gida, sai dai ba wanda ke gaya masa daga baya cewa a ɗakin taro kallon mutane da ɗaga murya ba rashin kunya ba ne. Makarantunmu kuma sun koma kwafar allo da haddar amsa. Ajin da ke da yara ɗari ba ya ba kowa damar tashi ya yi bayani, ƙungiyoyin muhawara da a da ake ji da su a sakandare sun yi rauni a wurare da yawa. Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne mai jawabin yakan tashi bai yanke wa kansa abin da yake so ya faɗa ba. Ya san abubuwa da yawa, yana so a san ya sani, sai ya kwaso duka ya zube.

Abu ɗaya da za a tafi da shi

Aikin jawabi yana farawa tun ba a buɗe kwamfuta ba, da tambaya guda: in mutanen nan suka manta komai, wane abu ɗaya nake so ya bi su gida, kuma me nake so su yi da shi? In ba ka iya faɗar amsar a jimla ɗaya ga direbanka ko ƙanwarka ya fahimta ba, ba ka shirya ba tukuna, ko da shafukanka sun kai ɗari.

Ɗauki misali daga noma. A ƙarshen 2019 aka amince da wani irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar, mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake. Mai bincike zai iya cika awa guda yana bayanin ƙwayoyin halitta da gwaje-gwajen da aka yi a gonakin gwaji, kuma a gaban takwarorinsa masana hakan daidai ne. A gaban manoma kuwa maganar ɗaya ce: maimakon feshi shida zuwa takwas a damina, biyu sun isa. Manomi zai lissafa kuɗin magani da kansa kafin ka rufe baki. A gaban kwamishina wata jimlar ce daban, ta kuɗin da jiha za ta kashe da yawan manoman da za su amfana. Ilimin ɗaya ne, masu sauraro uku, jawabi uku. Wanda ya ɗauki shafukan da ya gabatar a taron masana ya kai su ƙauye bai girmama manoma ba, ko da ya gaishe su da kyau.

Masu buhun adana wake mai hawa uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro tare da masu bincike a yankinmu aka kuma fara yaɗa shi a Najeriya da Nijar daga 2007, sun gane wannan sosai. Ba su dogara da lacca ba. Malamin gona zai zo ƙauye bayan girbi, a zuba waken mutanen garin a buhun a gaban kowa, a matse iska, a ɗaure leda ta ciki, a ɗaure ta biyu, a ɗaure buhun waje. Bayan wata huɗu ko fiye a sake tara jama'a a kwance. Mace ta tsoma hannu ta ɗebo, ta ga wake lafiya lau, ba huda ba gari, ba warin magani. Gani ya kori ji. Ma'aikacin banki ko likita ba zai iya kawo buhu ɗakin taro ba, amma zai iya tambayar kansa: mene ne buhuna? Hoto ɗaya na rijiyar da ta ƙafe, labarin majinyaci guda ba tare da sunansa ba, takardar rasit da ke nuna inda kuɗi ya ɓace. Abu ɗaya da ido zai kama ya fi jadawali goma.

Akwai kuma darasin da ke gabanmu kowane azumi ba mu lura ba. Dubi yadda ake tafsiri. Mai jan baƙi ya ja aya, malam ya fassara, ya yi sharhi, ya kawo ƙissa ko abin da ke faruwa a gari, ya koma kan ayar, sannan a ja ta gaba. Kunne yana hutawa tsakanin murya biyu, ana ba shi loma ɗaya ya haɗiye kafin a ba shi wata, kuma ko yaushe mai sauraro ya san inda ake. Da wannan tsari Shaihu Abubakar Gumi ya riƙe masu sauraro shekara da shekaru daga masallacin Sultan Bello ta Rediyon Kaduna, mutanen da ba sa ma ganin fuskarsa. Jawabin ofis yana buƙatar irin wannan: gaɓoɓi biyu ko uku, kowace da misalinta, da sanarwa a fili cewa an gama wannan an shiga waccan. Kuma ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya sauri a magana, yakan maimaita muhimmin abu sau uku don a fahimta, ya kuma nuna cewa taƙaita huɗuba alamar fahimtar mutum ce. Mun ji wannan tun muna yara, sai mu bar shi a masallaci.

A kan gaisuwar manya, ra'ayina shi ne a yi ta, amma sau ɗaya kuma a gajarce. Sarki ko gwamna yana da haƙƙin a ambace shi, ba wanda zai ji daɗin a tsallake shi. Amma in mai gabatar da taro ya riga ya jero kowa, "Ranka ya daɗe, shugaban taro, iyayena da 'yan uwana, assalamu alaikum" ya wadatar. Mintin farko shi ne lokacin da kowa ke kallonka da kunne a buɗe. Wanda ya kashe shi a kan jerin muƙamai, ko a kan neman afuwa cewa bai shirya ba, ya zubar da mafi tsadar abin da aka ba shi.

Majigi

Manhajar PowerPoint ta fito a 1987, kamfanin Microsoft ya saye ta a shekarar, yau kuma ba a ɗaukar jawabi da muhimmanci a ofisoshinmu sai da ita. Ba laifinta ba ne, amma ta zama maɓoyar wanda bai yi tunani ba. Binciken da masanin ilimin halayya Richard Mayer da abokan aikinsa suka yi a kan koyo ya nuna cewa in ana nuna wa mutum zane ana yi masa bayani da baki, sannan aka ƙara masa rubutun kalmomin da ake faɗa a allo, fahimtarsa raguwa take yi. Ido na karatu, kunne na saurare, hankali ya rabu biyu. Don haka mai karanta wa mutane allo yana wahalar da su sau biyu.

Abin yana iya wuce gundura. A ranar 1 ga Fabrairun 2003 kumbon Columbia na Amurka ya tarwatse yana dawowa duniya, 'yan sama jannati bakwai suka mutu. Tun lokacin tashi wani ɓallin soso ya bugi fiffikensa, kuma injiniyoyi sun gabatar wa shugabanni bayani a kan haɗarin yayin da kumbon ke sama. Masanin tsara bayanai Edward Tufte ya bi shafukan da aka nuna, ya gano cewa taken shafin yana kwantar da hankali, alhali maganar da ta fi komai muhimmanci, wato ɓallin ya ninka wanda aka taɓa gwadawa sau ɗaruruwa, tana can ƙasa cikin ƙananan haruffa. Kwamitin binciken hatsarin ya soki yadda NASA, hukumar da ta harba kumbon, ta mayar da shafukan majigi madadin cikakken rahoto. Shekara guda bayan haka, a 2004, Jeff Bezos ya hana amfani da irin waɗannan shafuka a tarukan manyan jami'an Amazon. Sai dai a rubuta bayani mai shafi shida, a zauna shiru a karanta, sannan a tattauna.

A wurinmu ƙa'idar mai sauƙi ce. Shafi ɗaya, magana ɗaya, kuma taken shafin ya faɗi sakamakon da kansa: maimakon "Alƙaluman rigakafi", a rubuta "Gundumomi huɗu ne suka ja mu baya". Haruffa su yi girman da na kujerar ƙarshe zai karanta. Jadawali mai layi talatin a buga shi a takarda a raba. Sannan a shirya kamar za a ɗauke wuta, domin za a ɗauke. Wanda ke da gaɓoɓinsa uku a ƙaramar takarda a aljihu zai ci gaba da magana cikin duhu, kuma sau da yawa a lokacin ne jama'a ke fara saurarensa da gaske. Tun zuwan korona a 2020 tarurruka da yawa sun koma Zoom, inda ba ka ganin wanda ya yi barci. A can taƙaitawa ta fi zama dole, kuma kallon idon kyamara shi ne kallon idon mutane.

Rawar jiki

Bugun zuciya, bushewar baki, gumin tafin hannu, rawar murya: jiki ne ke sakin sinadarin da yake saki in ya ji haɗari. Ba alamar rashin cancanta ba ce, kuma ba sabon abu ba ne. Annabi Musa, da aka aike shi wurin Fir'auna, ya roƙi Allah ya warware masa ƙullin harshensa, ya kuma nemi a haɗa shi da ɗan uwansa Haruna wanda ya fi shi fasahar magana. Sarkin Ingila George na Shida ya yi shekaru yana yaƙi da i'ina tare da mai horar da shi Lionel Logue kafin ya iya yi wa ƙasarsa jawabin yaƙi a rediyo a 1939. Attajirin Amurka Warren Buffett ya sha faɗa cewa tsoron magana ya kai shi ga shiga kwas ɗin Dale Carnegie yana saurayi, kuma takardar shaidar kwas ɗin ce ya rataya a ofishinsa.

Masu bincike sun gano abu biyu masu amfani a nan. Kenneth Savitsky da Thomas Gilovich sun nuna a 2003 cewa mai jawabi yana zaton fargabarsa ta fito fili fiye da yadda masu kallo ke gani, kuma sanin hakan kaɗai yana gyara jawabin. Alison Wood Brooks ta Jami'ar Harvard ta nuna a 2014 cewa waɗanda suka ɗauki bugun zuciyar a matsayin ɗoki sun fi waɗanda suka tsaya lallashin kansu su natsu yin abin kirki. Amma maganin da ya fi kowanne shi ne wanda mutane ke gudu: gwaji da murya a tsaye. Karanta shafuka a zuci a kan gado ba gwaji ba ne. A jingina waya a kan tebur, a kunna bidiyo, a yi jawabin daga farko zuwa ƙarshe da agogo, sannan a daure a kalla. Nan mutum zai ji "to", "ka gane" da "wato" nawa yake yi, zai ga hannunsa na wasa da hula ko gyale, zai gano cewa minti gomansa ashe ashirin da biyu ne. Mai magana a natse yana yin kalmomi kamar 130 a minti, don haka jawabin minti goma bai wuce shafi uku na rubutu ba. A haddace jimlar farko da ta ƙarshe, sauran a riƙe ma'anarsu. A je ɗakin da wuri, a gwada abin magana, a tsaya inda za a tsaya, a sa ruwa kusa.

Ina so in ja kunne a kan wani abu da masu horarwa ke yawan faɗa, cewa wai kashi 7 cikin ɗari ne kawai na saƙo ke cikin kalmomi, 38 a murya, 55 a motsin jiki. Alƙaluman sun fito ne daga ƙananan gwaje-gwajen da Albert Mehrabian ya yi a 1967 a kan kalma guda-guda da yadda ake gane so ko ƙi in fuska da murya sun saɓa wa kalmar, kuma shi kansa ya ce ba a kan kowace magana ya yi nufi ba. In da gaskiya ne, da za mu fahimci kashi 93 na jawabin Basine ba tare da tafinta ba. Illar wannan ƙarya ita ce tana sa matasa su ɓata lokaci wajen koyon yarfa hannu da taku, su bar abin da za su faɗa.

Da wane harshe, daga bakin wa

Sau da yawa abin da ake kira rashin iya magana rashin sakewa ne a harshen aro. Za ka ga jami'in lafiya yana fama da Turanci a gaban ungozomomi da masu unguwanni, shi bai sake ba, su ba su gane ba, alhali kowa a ɗakin Bahaushe ne ko mai jin Hausa. Ana fita shan iska sai ya yi musu bayanin cikin minti biyu a tsaye, kowa ya gyaɗa kai. Turanci ko Faransanci suna da wurinsu, kuma wanda aikinsa ke kai shi Legas ko Yamai ko Janiba dole ya gyara nasa. Amma gabatar da aikin ƙwararru da Hausa shi ma fasaha ce da ke son shiri: a zauna tun da wuri a nemo yadda za a faɗi hauhawar farashi ko hawan jini ko kashi cikin ɗari, kada a tsaya ana gauraya rabi da rabi. Ma'aikatan sashen Hausa na BBC suna yin wannan kullum tun 1957. A Nijar, inda kundin da aka fitar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, buƙatar ma'aikacin da zai iya bayanin aikinsa da Hausa tsantsa sai ƙaruwa za ta yi.

Wani lokaci kuma matsalar ba ta kalmomi ba ce, ta yarda ce. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi saboda zargin da ake yi wa maganin, aka koma a 2004. Likitoci suna da hujjoji tun farko. Abin da ya sauya lamarin a hankali shi ne shigowar waɗanda jama'a suka amince da bakinsu, sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, malamai, matan unguwa masu bi gida-gida, da waɗanda cutar ta naƙasa da kansu, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a Agustan 2020. Ƙwararre ya riƙa tambayar kansa ko mutanen nan sun yarda da shi, in kuma ba su yarda ba, wa ya kamata ya tsaya a gefensa.

Mata suna da ƙarin kaya a wannan fage. Ma'aikaciyar da ta ɗaga murya a taro ana iya cewa ta cika rawar kai, in ta rage a ce ba ta da ƙwazo, ga masu katse ta tun ba ta dire ba. Amma tarihinmu bai goyi bayan masu cewa shiru ne adon mace a wurin ilimi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ta horar da mata malamai da ake kira jaji, ta naɗa musu malfa, ta tura su ƙauyuka suna karantar da mata a tsarin 'Yan Taru. Hajiya Gambo Sawaba ta hau dandamalin jam'iyyar NEPU duk da ɗauri da duka. Amina Mohammed ta zama Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017. Nauyin a nan yana kan shugaban taro: in an katse ta, ya ce, "A bar Hajiya ta ƙarasa."

Lokacin tambayoyi shi ne inda mutunci ke tsayawa ko ya zube. A saurari tambaya har ƙarshe, a maimaita ta don na baya su ji, a amsa abin da aka tambaya a tsaya. In dattijo ya tashi ya yi nasa jawabin da sunan tambaya, a gode masa, a ɗauki gaɓa ɗaya a amsa. In ba a san amsa ba a ce ba a sani ba, a yi alkawarin bincikowa, a kuma cika. An ruwaito cewa an taɓa jero wa Imamu Malik tambayoyi masu yawa ya ce bai sani ba a mafi yawansu, kuma hakan bai rage shi da komai ba a idon duniya. Jami'in da ya ƙirƙiro adadi don kada ya ji kunya, ranar da aka gano shi duk sauran alƙalumansa sun mutu.

Duk wannan ba ya samuwa a bitar kwana biyu da takardar shaida. Ƙungiyar Toastmasters, wadda Ralph Smedley ya kafa a Kaliforniya a 1924 kuma take da rassa a Najeriya, tsarinta ba wani sirri: mutane kaɗan su haɗu a kai a kai, kowa ya yi jawabin minti biyar zuwa bakwai, wani ya riƙe agogo, wani ya ƙirga kalmomin cike gurbi, wani ya faɗi abin da ya yi kyau da abu ɗaya da za a gyara. Kowace ma'aikata, asibiti, banki ko tsangayar jami'a za ta iya yin irinsa ba tare da kasafi ba, rabin awa ranar Alhamis, mako ɗaya da Hausa mako ɗaya da Turanci. Sharaɗin shi ne ƙananan ma'aikata su riƙa tashi, a daina barin darakta shi kaɗai yana magana a kowane zama, kuma shi ma daraktan ya yarda a riƙe masa agogo, a gaya masa in ya zarce.